Tarihin Cinikin Gyada a Ƙasar Ringim

Garin Ringim yana gabas maso arewa da birnin Kano, tafiyar mil 40 da 'yan kai, kusa da kogin Haɗeja. A dā gunduma ce ta ƙasar Kano, hakimi ke riƙe da ita. Cikin shekarar 1991, da aka yanke Jihar Jigawa aka sa hedkwatarta a Dutse, sai aka ba Ringim sarauta tata ta kanta. Yawancin ƙasar jigawa ce, watau rairayi mai sauƙin huɗa, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa. Irin wannan ƙasa kuwa ita gyada ta fi so.

Har wajen shekara 60 gyadar da a ke nomawa a nan, da sauran ƙasar Kano, ita ce a ke matsewa a masana'antun Turai. Masu nomanta ba su da komi sai fartanya da garma da jaki. To, yaya aka yi ƙananan gonaki suka ɗauki wannan babban ciniki, kuma me ya sa ya kuɓuce musu? Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a duba ta, domin jikokin manoman nan suna nan suna noman riɗi da zoɓo, a na kai wa ƙasashen waje, kuma abin da ya sami kakanninsu yana iya samunsu.

Turawa Sun Nemi Auduga

Asalin gyada daga Amurka ta Kudu ne. Turawan Fotugal suka kawo ta bakin gaɓar Afirka, ta yi ta yaɗuwa daga hannu zuwa hannu har ta iso ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Ingilishi mutane suna shuka ta kaɗan kaɗan a gefen gona. A dafa, a soya, a dama kunu, mata su matse mai su toya ƙuliƙuli, harawa kuma a ajiye wa dabbobi. Ba wanda ya ɗauke ta abin fatauci mai nisa, gama tana da nauyi, kuɗinta kuwa ba ya biyan wahalar jaki.

Da Ingilishi suka ci Kano a 1903, ba gyada ce a ransu ba. Masu masaƙu na ƙasar Lankasha a Ingila sun rigaya sun kafa ƙungiya a 1902 don neman auduga, ita ce B.C.G.A., wadda mutane ke kira Bisije. Sun ji labarin saƙar Kano da rininta, suka tabbata in aka kawo jirgin ƙasa auduga za ta yi ta kwarara zuwa Ingila. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a watan Afrilu na 1912.

Amma manomi ya yi nasa lissafi. Ya ga masaƙan gida sun fi Bisije sayen auduga da daraja. Ya ga auduga tana daɗewa a gona, tana gajiyar da ƙasa, kuma in yunwa ta zo ba a cinta. Gyada kuwa tana nuna da wuri, tana gyara ƙasa, a na iya shuka ta tsakanin gero da dawa, in kasuwa ta ƙi a ci a gida. A daidai wannan lokaci kuma masana a Turai sun gano hanyar daskarar da man tsiro ya zama kamar man shanu, a riƙa shafa wa burodi, ga kuma masu yin sabulu suna nema. Sai kuɗin gyada ya tashi. A 1912 abin da aka fitar daga Nijeriya bai kai tan 3,000 ba. A 1913 ya haura tan 19,000, har jirgi ya kāsa kwashewa, buhuna suka cika filin tashar Kano.

Waɗanda suka haɗa manomi da kamfanonin Turawa su ne fataken goro na Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, suna da jari, suna da yara a ko wane lungu. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Suka riƙa aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, suna gaya wa mutane su shuka gyada, za a saya. Alhasan Ɗantata ya shiga sayen gyada wa Kamfanin Neja a 1918, kafin rasuwarsa a 1955 ba attajirin da ya kai shi a cikin wannan sha'ani.

Darasin Kakalaba

Murna ba ta daɗe ba. Damina ta 1913 ruwa ya ɗauke, hatsi bai yi ba. Cikin 1914 aka yi babbar yunwar nan da mutanen Kano ke kira Kakalaba, mutane masu yawa suka hallaka, musamman a gundumomin arewa. Wanda ya ke da kuɗin gyada a aljihu ya je kasuwa ya tarar ba dawar da zai saya.

Daga nan manoma suka riƙe wata ƙa'ida: rumbu tukuna, kāna buhu. Maigida ya kan fita gandu da ƙannensa da 'ya'yansa tun da sassafe har azahar, a fara tabbatar da gero da dawa na shekara, sa'an nan a ba gyada nata wuri. Da yamma ko wane saurayi ya tafi gayaunarsa, a nan ne da yawa suka riƙa shuka gyadar da za su yi tufafi da ita, ko su tara kuɗin aure. Da kaka, mata da yara ke tsinka, su shanya, su ɓare. Watau dai gida ɗaya shi ne mai gona, shi ne lebura, shi ne mai gyaran amfani.

Akwai kuma wata doka da ta tsare wannan tsari. A 1910 Gwamnati ta kafa dokar ƙasa ta Arewa, wadda ta hana baƙo ya sayi ƙasa ya mallake ta. Sabo da haka kamfanoni ba su sami damar buɗe manyan gonaki su mai da mutane leburorinsu ba. Tilas suka tsaya a bakin sikeli suna jiran abin da manomi zai kawo.

Jirgi Ya Iso Ringim

Shekaru 17 ko fiye mutanen Ringim suna kai gyadarsu Kano a kan jakuna da raƙuma, kuɗin sufuri yana cinye rabo mai yawa na ribar. Sa'an nan aka ja reshen hanyar jirgi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930, tsawonsa mil 143. Kamfanoni da Kwarori suka buɗe kantuna da wuraren awo kusa da tasha. Da kaka sai ka ga ayarin jakuna daga ƙauyuka sun nufo gari, 'yan baranda suna tarye su tun daga hanya, ko wanne yana jan su wajen ubangidansa.

Amma jirgin ya zo a mugun lokaci. Daga 1929 ciniki ya lalace a duniya duka, kuɗin gyada ya faɗi ƙwarai, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba. Da ma haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuma da kaka a ke karɓarsa, lokacin da kowa ke sayarwa, kaya suka fi araha. Wanda ya ci bashi da damina ya biya da gyada da kaka. Wanda bai iya karatu ba kuwa, abin da mai awo ya faɗa shi ne, ba shi da halin duba lambar sikeli. Manoma da yawa suka ga ba mafita sai su ƙara faɗin gona, don yawan buhu ya toshe ƙarancin kuɗi.

Babbar Gona ta Gwada

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta shiga ƙarancin mai. Sai waɗansu manya suka ce ai noman fartanya ɓata lokaci ne, a kawo injuna. A 1947 aka soma wani gagarumin aiki a Tanganyika, a gabashin Afirka, da nufin share daji eka fiye da miliyan 3 a shuka gyada. Ƙasa ta yi tauri ta karya injuna, ruwa ya ƙi zuwa. A 1951 aka bar aikin, bayan an yi asarar fam miliyan 36. A nan Nijeriya ma an gwada irinsa a Mokwa daga 1949, aka daina a 1954.

Duk wannan lokaci gonakin gandu na ƙasar Kano suna ta ƙara amfani, ba da ko anini na jarin Gwamnatin Ingila ba. Dalili a fili ya ke. Mai gona ya san ƙasarsa taƙi taƙi, ya san inda ke bukatar taki, ya san ranar da ya kamata a yi shuka. Ba shi da albashin da zai jira a ƙarshen wata, in gona ta lalace shi da iyalinsa za su kwana da yunwa.

Hukumar Ciniki da Dalar Gyada

Tun cikin yaƙi, a 1942, Gwamnati ta karɓe sayen gyada ta tsai da farashi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyada ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon sayarwa a ƙasashen waje. Ta kan faɗi farashi tun farkon kaka, wakilai masu lasin su saya mata. An ce nufin shi ne a tara rara a shekarar tsada, a tallafi manomi a shekarar araha.

An sami amfani, gama manomi ya san farashi kafin ya bar gida. Amma yawancin shekaru abin da a ke ba shi bai kai abin da a ke samu a Turai ba, ko an cire kuɗin jirgi. Rarar da aka tara ta tafi wajen hanyoyi da makarantu da masana'antu. Ayyuka ne na alheri, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka komo ƙauyen da gyadar ta fito. Abin ya so ya yi kama da kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A wannan zamani ne dalar gyada ta yi suna. A kan jera buhuna har 15,000 a dala guda, a Kano da Malam Madori da waɗansu tashoshi. Baƙi suna zuwa kallo, a na buga hotonta a littattafai. Amma mai karatu ya lura da abu biyu. Na fari, abin da ya yawaita dala shi ne jirgin ƙasa ya kāsa kwashe kaya zuwa Ikko a kan kari, har waɗansu buhuna su shekara a tsaye ƙwari suna ci. Na biyu, in buhu ya shiga dala sunan mai shi ya ɓace. Ba a san na Ringim ba, ba a san na Gaya ba, balle a san gidan da ya gyara nasa da kyau.

Gyada Mai Lamba Ɗaya

Sau ɗaya aka gwada biyan manomi ladan gyara, kuma abin da ya biyo baya ya isa abin tunani. A dā a turmi a ke ɓarar gyada, taɓarya tana farfasa ƙwaya. Fasasshiyar ƙwaya kuwa manta ya kan yi tsami kafin ta isa Turai, masu saye su rage kuɗi. Sai a tsakiyar shekarun 1950 hukuma ta fito da daraja ta musamman: buhun da kashi 70 cikin 100 na ƙwayarsa ba ta fashe ba, za a ƙara masa kuɗi. Nan da nan injin ɓara na hannu ya bazu cikin ƙauyuka, maƙera suka koyi ƙera shi, masu hali suka saya suna ba da haya. Cikin 'yan shekaru kusan dukan gyadar da hukuma ke saya ta zama mai lamba ɗaya. Ba a kai kowa gaban alƙali ba, ba a ci tarar kowa ba. Ƙarin 'yan sulalla ne ya yi wannan aiki.

A 1960 kuma aka ga wani haɗarin. Talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyada da aka kawo daga Barazil. Da aka bincika sai aka tarar wata guba ce da fumfuna ke haifarwa in gyada ba ta bushe sosai ba. Tun daga ran nan masu saye a Turai suka tsananta bincike, shanya da ajiya suka zama rabin ciniki.

Faɗuwa

Cikin shekarun 1960 ba ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyada a duniya. A kakar 1966 zuwa 1967 hukuma ta sayi kimanin tan miliyan 1. Kafin shekara 10 ta cika, cinikin ya mutu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya dagula sufuri. Fari ya auku a 1972 da 1973. A 1975 cutar da manoma ke kira kuturtar gyada, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, ta lalata wajen hekta 700,000 a Arewa, mutane da yawa ko iri ba su fitar ba. Ga kuɗin man fetur ya shigo, hankalin Gwamnati ya bar gona, samari suka nufi birane. Farashin hukuma kuma ya kāsa na kasuwar gida, sai manomi ya sayar wa mata masu ƙuliƙuli da masu injin matsar mai, ko ya koma wake da gero. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya.

Gyada dai ba ta bar ƙasar ba. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, sun fito da iri masu nuna da wuri, masu jure wa kuturta, kamar SAMNUT 24 na 2011. Har yanzu Nijeriya tana cikin manyan masu nomanta a duniya, amma kusan duka a gida a ke cinyewa.

Gahawar Habasha

Don a gane abin da gyadar Ringim ta rasa, yana da kyau a dubi wata ƙasa ta Afirka wadda ita ma ƙananan manoma ke riƙe da babban cinikinta. Alhazai da waɗanda suka zauna Sudan sun san gahawa, abin shan nan mai ɗaci da a ke zubawa a 'yan ƙananan finjalai. Asalin itacenta daga tsaunukan Habasha ne. Tana son tudu mai sanyi da inuwa da ruwa mai yawa, shi ya sa ba ta yi a Ringim, a Nijeriya sai irin su tsaunin Mambila. Habasha ta fi ko wace ƙasa a Afirka nomanta, kusan rabi suna shanyewa a gida, kuma mafi yawanta daga 'yan gonakin iyali ta ke fitowa, da yawansu ba su kai hekta 1 ba.

Su ma sun sha wuya. Bayan yarjejeniyar da ke tsare farashin gahawa a duniya ta warware a 1989, kuɗinta ya yi ta tangaɗi, ya faɗi warwas a 2001. Abin da ya taimaki waɗansunsu shi ne wata kasuwa ta musamman, inda a ke sayen gahawa bisa ga ɗanɗanonta. Gwanaye su kan ɗanɗana su ba da maki, wadda ta sami 80 cikin 100 ko fiye ta shiga wannan aji, kuɗinta ya ɗara na saura. Galibi ba a samun wannan maki sai an tsinki 'ya'yan da suka nuna ja kaɗai, ɗaya ɗaya da hannu, an shanya a kan gadaje, an tsince marasa kyau. Aiki ne irin na iyali, wanda inji ba ya iyawa da kyau.

Manoma suka haɗa kai cikin jam'iyyun gama kai, kamar babbar ƙungiyar manoman gahawa ta Oromiya da aka kafa a 1999, suna sayarwa waje da kansu. Gwamnatinsu kuma ta tsaya a kan cewa sunayen Sidamo da Harar da Yirgacefe, watau yankunan da gahawar ke fitowa, dukiyar ƙasar ce. Ta yi jayayya da kamfanin Starbucks na Amurka a kan haka, suka daidaita a 2007. A 2008 aka buɗe wata kasuwa ta ƙasa inda a ke gama gahawar mutane da yawa wuri ɗaya, kamar dai dala. Masu saye suka yi kuka sun daina sanin mai kaya, sai a 2017 aka sassauta dokar. Yau a kan sayar da gahawa a Turai da Amurka da Japan da sunan ƙauyen da ta fito a jikin ƙunshi. Wannan bai mai da manoman Habasha attajirai ba, yawancinsu har yanzu talakawa ne, kuma riba mafi tsoka tana wajen masu soyawa da masu sayarwa. Amma wanda ya gyara kayansa yana da hanyar da za a san shi, a komo a neme shi baɗi. Hausawa sun ce suna linzami ne.

Abin da Ya Rage

Yanzu riɗi da zoɓo su ne amfanin da a ke saye a ƙasar Jigawa don kai wa ƙetare, kasuwar Maigatari ta yi suna a kansu. Masu nomansu su ne dai masu ƙananan gonaki, kuma har yau buhun wanda ya tsince tsakuwa da na wanda bai tsince ba su kan hau mota ɗaya. In aka gama kaya haka, laifin mutum guda ya kan shafi kowa. An ga misali a 2015, sa'ad da ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya sabo da yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, mai laifi da marar laifi duk suka yi asara.

Tarihin gyada ya nuna manomin ƙasar nan bai taɓa kāsa lissafi ba. Shi ya zaɓi gyada a 1912 sa'ad da masu mulki ke kiran auduga, shi ya ajiye taɓarya ya ɗauki injin ɓara da ya ga za a biya shi, shi ne kuma ya janye hannunsa da farashi ya daina biyan gumi. Abin da bai samu ba shi ne ikon duba sikeli, da murya wajen yanka farashi, da sunansa a jikin buhu. Na farkon yana hannun duk wanda ya koyi karatu da lissafi. Sauran biyun kuwa ba su samuwa ga mutum ɗaya, sai manoman gari sun haɗa kayansu, sun gyara shi bai ɗaya, sun sa masa sunan garinsu, sun kuma tsare sunan nan kada wani ya zuba ƙasa a cikin buhu.